Darasi na Goma Sha Biyu: Soyayya, Dukiya da Cin Amana a Finafinan Hausa

MANUFAR DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:
1. bayyana bambancin da ke tsakanin yaudara da cin amana;
2. nuna yadda ake ƙulla labarin fim a kan wani sirri;
3. amfani da aikatau irin su yaudara, cuta da aura a cikin jimla daidai;
4. auna saƙon fim da hankalinsa kafin ya karɓe shi.

SHARE FAGE

Ku tattauna da malaminku: Wane fim ɗin Hausa kuka kalla kwanan nan? Wa ya ɓoye wa wani gaskiya a cikinsa? Me ya sa ya ɓoye ta?

KARATU

1. Yadda finafinan suka iso gare mu

Gashuwa, hedikwatar masarautar Bade a Jihar Yobe, gari ne da harsuna da yawa suka haɗu a cikinsa. Akwai masu magana da Badanci, da Barbarci, da Fillanci, amma idan aka shiga kasuwa ko tashar mota, Hausa ce takan haɗa kowa da kowa. Haka abin yake a Nguru, garin da layin dogo daga Kano ya isa tun 1930. Hanyar da ta daɗe tana kawo atamfa da goro daga Kano, tana komawa da kifi da fatu, ita ce kuma ta kawo mana kaset-kaset na finafinan Hausa.

Sana'ar fim ɗin bidiyo ta Hausa ta kankama a Kano a 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. A 1999 mujallar Tauraruwa ta raɗa wa sana'ar suna Kannywood. Daga kaset aka koma faifai, daga faifai aka koma wayar hannu. Yau matashi yakan je shagon masu tura finafinai a cika masa waya, ko ya kalla a YouTube, ko a tashar Arewa24 wadda ta fara aiki a 2014. Ga wanda Hausa ba harshen gidansu ba ce, waɗannan finafinai makaranta ce ta biyu, domin a cikinsu yake jin yadda ake gaisuwa, da rarrashi, da faɗa, da neman gafara. To, da yake suna shiga gidajenmu kullum, ya kamata mu san yadda ake gina su da abin da suke cusa mana.

2. Tushen labarin

Jigon da ya fi yawa a finafinan Hausa shi ne soyayya. Sai dai soyayyar da ba ta gamu da cikas ba, ba ta zama labari. Cikas ɗin da marubuta suka fi so kuwa shi ne dukiya. Wannan salo yana da tushe biyu. Na farko finafinan Indiya ne, waɗanda aka daɗe ana nunawa a gidajen sinima na Kano, inda sau da yawa ɗan talaka yake son 'yar mai kuɗi. Na biyu littattafan soyayya ne da matasa, maza da mata, suka riƙa rubutawa a Kano tun daga shekarun 1980. Ga misalai huɗu da za su nuna mana fuskokin wannan jigo.

A littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990 kuma aka mayar da shi fim, Sumayya 'yar masu hali ce, tana son Muhammad wanda ba shi da komai. Sai Abdulƙadir mai kuɗi ya fito neman aurenta, ya sami goyon bayan manyanta. A nan dukiya ta zama katanga tsakanin masoya.

A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990 aka kuma yi fim ɗinsa a 1998, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne da ya wulaƙanta uwargidansa Rabi, uwar 'ya'yansa tara. Ya auro Delu, ya kori Rabi, ita kuwa ta kama sana'ar abinci tana ciyar da yaranta. Da dukiyarsa ta salwanta, sai ya ga cewa wadda ya fifita ba ta riƙe masa amana ba, wadda ya kora kuma ita ce madogararsa. A nan dukiya ta ruɗi mai ita.

A fim ɗin Wasila na shekarar 2000, Ali Nuhu ya fito a matsayin Jamilu, mijin da ya amince da matarsa, ita kuma ta ci gaba da hulɗa da tsohon saurayinta a ɓoye. A nan ɓarnar daga cikin gida ta taso.

A Labarina kuwa, fim mai dogon zango na Aminu Saira da aka fara nunawa a 2020, akwai zangon da Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin Mainasara, attajirin da ya shiga rigar talauci domin ya gano wadda za ta so shi don Allah. A nan mai dukiya ne ya ɓoye ta, ya mayar da ita ma'aunin zukatan mutane.

3. Yaudara da cin amana

Masu koyon Hausa sukan gwama waɗannan kalmomi biyu, alhali ma'anarsu ta bambanta. Yaudara ita ce mutum ya nuna maka abin da ba shi ne ba, domin ya sami wani abu a wurinka. Mayaudari tun ranar farko da ƙarya ya zo. Saurayin da ya ari mota da babbar riga, ya ce wa yarinya shi ɗan attajiri ne, ya yaudare ta.

Cin amana kuwa sai an yi yarda ta gaskiya tukuna. Amana ita ce abin da ka danƙa wa mutum domin ka amince da shi, ko kuɗi ne, ko sirri, ko iyali. Yaron shago da maigidansa ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi makullin sito, sannan ya kwashe kaya ya gudu, ya ci amana. Ƙanen mamaci da ya cinye gadon marayu ya ci amana. Saboda haka baƙo yana iya yaudarar ka, amma maci amana na jikinka ne: aboki, ko ɗan'uwa, ko miji, ko mata. Shi ya sa ciwon cin amana ya fi zafi, kuma shi ya sa masu shirya fim sukan ajiye shi sai labari ya kai ƙololuwa.

4. Yadda ake ƙulla labarin

Abin da yake hana mai kallo tashi daga gaban fim irin wannan shi ne sirri. Akwai wata gaskiya da aka binne, kuma marubucin shi yake zaɓar wanda zai san ta da lokacin da zai san ta. Hanyoyi biyu ya fi bi.

A hanya ta farko, yakan sanar da mai kallo sirrin tun da wuri, ya bar jarumi a cikin duhu. Mun ga aminiyar amarya tana ƙulla makirci, ga amarya kuma tana kwashe asirin cikinta tana gaya mata. Duk lokacin da suka zauna tare, gabanmu yakan faɗi, har wasu masu kallo sukan yi wa allon magana, suna cewa, "Ke, yi shiru mana!" Wannan shi ne zullumi: mun san abin da zai faru, ba mu san ranar ba, ba mu kuma da ikon hanawa.

A hanya ta biyu, yakan ɓoye wa mai kallo shi ma. Sai a ƙarshe a gano cewa mutumin kirkin nan da kowa ya yarda da shi, shi ne ya kitsa komai. Wannan shi ne ba-zata. A nan akan yi amfani da waiwaye, wato a komar da mu baya a sake nuna mana wata fitowa da ta wuce, mu gan ta da sabon ido.

Ko wace hanya aka bi, labarin yakan ratsa matakai huɗu. Da farko a ƙulla yarda. Sannan kwaɗayi ya shigo, ta hanyar gado, ko kwangila, ko auren mai kuɗi. Daga nan ƙarya ta fara haihuwar ƙarya, domin wanda ya yi ɗaya dole ya yi ta biyu ya rufe ta. A ƙarshe asiri ya tonu, sau da yawa ta dalilin ƙaramin abu: saƙon waya da aka manta ba a goge ba, ko takardar gida, ko ɗan aikin da ya ji magana ta bayan ƙofa. A wannan mataki akwai kalma ɗaya da za ku riƙa ji a bakin 'yan wasa, wato "ashe". "Ashe kai ne!" "Ashe ƙarya take yi!" Bahaushe yana faɗin ta ne idan gaskiyar da ya tarar ta saɓa wa abin da ya zata.

5. Abin da baki ya faɗa da abin da ido ya gani

Kusan duk finafinan nan da wa'azi suke ƙarewa. Maci amana yakan tsiyace, ko ya shiga hannun hukuma, ko ya durƙusa yana neman gafara, mai haƙuri kuma ya ci riba. Masu kallo suna son haka, kuma tun 2001 akwai Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da take duba abin da ake fitarwa. Amma ɗalibi mai lura zai ga wani abu. Wa'azin yakan zo ne a mintoci kaɗan na ƙarshe. Kafin nan, kyamara ta shafe awa biyu tana lasar gidan bene, da kujeru na alfarma, da manyan motoci, da akwatunan lefe jere reras. Baki yana cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, ido kuwa ana ta kwaɗaita masa. Wanne ne zai fi zama a zuciyar yaro ɗan shekara goma sha biyar?

Abu na biyu, ba kasafai ake nuna inda dukiyar ta fito ba. Alhajin fim yakan zauna a ofis ya sa hannu a takarda, sai ga miliyoyi. Ɗan Gashuwa kuwa ya san yadda arziki yake taruwa. Ya ga masunci ya kwana a kogin Yobe, ya ga mai bandar kifi a cikin hayaƙi, ya ga manomin shinkafa yana fama da ruwa da tsuntsaye a fadama. Wanda ya manta da wannan, ya ɗauki dukiyar fim a matsayin ma'auni, zai raina sana'ar iyayensa, kuma shi ne mayaudari zai fi saurin kamawa. Ai mayaudari ba ya farautar kowa sai mai son banza.

Abu na uku, finafinai da yawa sukan ɗora laifin a kan mace, a nuna ta a matsayin mai idon cin naira. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ina iyayen da suka karɓi kyauta suka rufe ido? Ina attajirin da ya ɗauka kowace zuciya ta sayarwa ce? Labarin Rabi ya yi fice ne domin ya juya madubin, ya nuna abin da mace take gani idan namiji ne ya ci amana.

Wannan ba ya nufin a daina kallo. Finafinan suna taɓo matsaloli na gaske: auren dole, da tsadar aure, da cin gadon marayu, da samarin da suke fakewa a bayan hotunan ƙarya a intanet. Magabata sun tanadi maganin irin wannan tun da daɗewa, wato bincike kafin aure, inda dangi suke tambayar asalin mutum da sana'arsa da halinsa kafin a karɓi sadaki. Mai kallo ma ya kamata ya yi wa fim irin wannan bincike. Ya tambayi kansa: Me fim ɗin ya ce in guje wa? Me ya sa na ji ina sha'awa? Shin biyun sun dace da juna?

TAƊI

Ku karanta wannan taɗi bibbiyu. Wata yarinya ce da yayanta bayan sun gama kallo.

Ƙanwa: Yaya, ni fa tausayin yarinyar nan nake ji. Ashe motar ma ta aro ce!
Yaya: Abin tausayi ne, ƙanwata. Amma ba ki lura ba, tun farko ya ƙi kai ta ta gaida mahaifiyarsa?
Ƙanwa: Na lura. Kullum sai ya ce Hajiya ta yi tafiya.
Yaya: To, kin gani. Da kawunta ya ce a yi bincike, wa ya hana?
Ƙanwa: Innarta ce. Ta ce kada a kori arziki.
Yaya: Saboda haka ba ita kaɗai aka yaudara ba, har da manyanta.
Ƙanwa: Gaskiya ne, Yaya. To, ƙawarta da ta san komai ta yi shiru fa?
Yaya: Wannan ita ce ta ci amana. Shi baƙo ne, ita kuwa tare suka tashi.
Ƙanwa: Allah Ya raba mu da irin wannan ƙawa.
Yaya: Amin. Ya kuma raba mu da son zuciya.

MA'ANAR KALMOMI

jigo: babban saƙon da labari ya ƙunsa
cikas: abin da yake hana al'amari tafiya daidai
masu hali: masu dukiya
salwanta: ɓacewa ko lalacewa
madogara: wanda ake jingina da shi a lokacin wahala
zango: kashi ɗaya na fim mai tsawo da ake nunawa mako-mako
fitowa: ɓangaren wasa da yake faruwa a wuri ɗaya
makirci: mugun shiri na ɓoye
kitsa: shirya abu a asirce
zullumi: damuwa a kan abin da ake tsoron zai faru
ƙololuwa: wuri mafi tsawo, a labari, inda rikici ya kai matuƙa
lefe: tufafi da kayan ado da ango yake kai wa amarya
tsiyace: rasa dukiya gaba ɗaya

KARIN MAGANA

1. Ramin ƙarya ƙurarre ne. (Ƙarya ba ta nisa sai a gano ta.)
2. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. (Tana da kyan gani, amma ba ta da amfani mai ɗorewa.)
3. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. (Komai daɗewa, mai laifi zai shiga hannu.)
4. Da ɗan gari akan ci gari. (Sai da taimakon na ciki ake cutar mutum.)
5. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. (Wataƙila kai ne za ka faɗa.)

NAHAWU

A. Aikatau mai sauya ƙarshe

Wasu aikatau na Hausa suna sauya wasalinsu na ƙarshe bisa ga abin da ya biyo bayansu. Ku duba:

Ya yaudari yarinyar. (suna ya biyo baya: -i)
Ya yaudare ta. (wakilin suna ya biyo baya: -e)
Ita ce ya yaudara. (babu karɓau a bayansa: -a)

Ga wasu masu bin wannan tsari:
aura: ya auri bazawara, ya aure ta, wadda ya aura
zarga: ta zargi ƙawarta, ta zarge ta, wadda ta zarga
nema: sun nemi gafara, sun neme shi, abin da suka nema
cuta: ya cuci marayu, ya cuce su, waɗanda ya cuta
gada: ta gaji mahaifinta; ta gaje shi; gidan da ta gada

Ku lura cewa a misalai biyu na ƙarshe baƙin ma ya sauya: t ta koma c, d ta koma j, a gaban wasalin i da e.

B. Sunan mai aikatawa

Ana sa ma- a farkon aikatau a sami sunan mai yin aikin:
mayaudari, mayaudariya, mayaudara
macuci, macuciya, macuta
marubuci, marubuciya, marubuta

C. Kalmar "ci"

"Ci" ba ta tsaya ga abinci ba. Cin amana shi ne saɓa yarda. Cin mutunci shi ne wulaƙanta mutum. Cin bashi shi ne karɓar rance. Cin riba shi ne samun ƙari a ciniki.

TAMBAYOYI

A. Fahimta
1. A wace shekara aka fitar da Turmin Danya, kuma wace ƙungiya ce ta shirya shi?
2. Kawo tushe biyu na labaran soyayya da dukiya a finafinan Hausa.
3. Wace rawa dukiya ta taka a labarin Sumayya, wace kuma ta taka a labarin Alhaji Abdu?
4. Me ya sa aka ce maci amana na jikinka ne?
5. Bambanta zullumi da ba-zata.
6. Lissafa matakai huɗu da labarin yakan ratsa.

B. Cike gurbi da siffar aikatau da ta dace
1. Attajirin ya ______ 'yar maƙwabcinsa. (aura)
2. Kada ka ______ shi ba tare da hujja ba. (zarga)
3. Gonar da suka ______ tana bakin kogi. (gada)
4. Dillalin ya ______ manoma. (cuta)
5. Sun ______ ta da alkawarin ƙarya. (yaudara)

C. Yaudara ce ko cin amana? Ba da dalili.
1. Wani ya sayar wa baƙo zoben tagulla, ya ce na zinariya ne.
2. An ba wa mutum ajiyar buhun shinkafa goma, ya sayar ya ce ɓarayi sun sace.
3. Wata ta tona sirrin da aminiyarta ta gaya mata.

D. Yi jimla uku da kalmar "ashe".

MUHAWARA

Ku kasu gida biyu. Mainasara ya ɓoye dukiyarsa domin ya gwada masu son sa. Rukuni na ɗaya su kare ra'ayin cewa hikima ce. Rukuni na biyu su kare ra'ayin cewa ita ma yaudara ce, ko da niyyar mai kyau ce.

AIKIN GIDA

1. Zaɓi fim ɗaya da ka kalla. Rubuta shafi ɗaya a kansa: wane sirri aka ɓoye, wa ya san shi, ta yaya ya tonu, kuma shin hotunan fim ɗin sun goyi bayan wa'azinsa?
2. Tambayi wani dattijo ko wata dattijuwa a gidanku karin magana ɗaya a harshenku da take magana a kan amana. Rubuta ta, ka bayyana ma'anarta da Hausa, sannan ka nemo karin maganar Hausa da ta yi kama da ita.